Faifan Da Na Kai Jana'izar Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne Malam Bitrus ba, kuma ko na so in manta, 'yan acaɓan Kafanchan ba za su bar ni ba. Har yau in na fito sayen sabulu sai wani ya rage gudu ya ɗaga mini hannu, "Baba Sha-shida, a kai ka? A hankali za mu tafi!" Ni ma in ɗaga masa hannu in yi dariya, don na lura in ka nuna fushi sunan ƙara manne maka yake yi. Gara in faɗi yadda na samo shi da bakina, kafin waɗanda ba su je wurin ba su gama zuba wa labarin gishiri.

Ni dai ba ɗan boko ba ne. Aji uku na yi na gudu, kuma ban ji labarin malamin ya yi kuka ba. Ina saurayi na samu aikin kuku a gidan wata Baturiya, nas ce a wani ɗan asibitin mishan a gefen Zonkwa. Daga nan aka fara kirana Kuku, har na tsufa na zama Baba Kuku. A falonta akwai garmaho mai aiki da lantarki, akwati ne ruwan ƙasa mai murfi. Kowace safiya tana shan shayi takan ɗora wani faifai da wani mutum ke karanta Littafi Mai Tsarki da Turanci. Sauran faya-fayan, na kiɗa, sai na tashi aiki na tafi gida take sa su, saboda haka ban taɓa jin su a hannunta ba. A gefen inda faifai ke juyawa akwai wani ɗan makunni da lambobi huɗu: 16, 33, 45, 78. Wata rana ina share ƙura, tsummana ya gifta ta wurin, sai ta daka mini tsawa da Hausarta ta hanci, "Kuku! Ka goge ko'ina, amma kada ka taɓa wannan!" To, ban taɓa ba. Duk abin da ya same ni daga baya, biyayya ce ta jawo mini.

Da za ta koma ƙasarsu, ta kwashe faya-fayan karatun ta sa a jaka, ta bar mini garmahon da kwali guda na faya-fayan kiɗa, wai sun yi mata nauyi. Na ɗauko su a ka har gida. Ranar da na fara kunnawa, ko minti biyu ba a yi ba matata Asabe ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, kiɗan Turawa ne.

"To kashe shi kafin ya kira mana."

Garmaho ya shiga ƙarƙashin gado, ya yi shekara talatin da wani abu a can tare da tsofaffin takalma.

Asabe ta riga ni tafiya, shekara tara ke nan. 'Ya'yanmu biyu ne, ɗaya a Legas, ɗaya a Abuja. Sukan kira ran Lahadi bayan sujada, su tambayi ƙafata, in ce da sauƙi, su ce a gaida kowa. Wane kowa? Ɗaki huɗu, ni da ƙadangaru. Ban san shiru na iya hana mutum cin abinci ba sai a lokacin. Ina dafa gwate mai kyau, ni da aka biya ni albashi don girki, in zuba a kwano, in zauna ina kallonsa har ya yi sanyi. Wata rana ina shara tsintsiya ta bugi akwatin nan. Na jawo shi, na hure ƙura, na sauya allura da ɗaya daga cikin waɗanda Baturiya ta bari a wani ɗan gwangwani, na jona. Abin mamaki, ya juya.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Gogen Turawa ne masu yawa suna tafiya tare a hankali, da murya mai kauri, kamar kukan shanu daga nesa in rana ta yi sanyi. Sauti ɗaya sai ya miƙe, ya miƙe, har ka ce ya manta inda za shi, sannan ya sauko. Ganga takan buga sau ɗaya, ka gyara zama ka yi tari kafin ta sake. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Asabe, don ranar mutane sun yi yawa kuma ni ne mai gaisawa da baƙi. Na ce a raina, lallai Turawa sun san mutuwa.

Ɗan makunnin nan yana kan 16, inda ta bar shi. Na yi ta tunani a kansa har na gano ma'anarsa da kaina (ni da kaina, ba wanda ya taimake ni): yawan wutar da garmahon ke sha ne. Baturiyar nan mace ce da ke ƙirga ƙwayar sukari, dole ta zaɓi mafi ƙanƙanta. Na yaba mata. Akwai kuma faya-fayai biyu masu muryar mutane, amma muryar irin ta dodon da ke fitowa a ƙauyenmu muna yara ce, mai sa mata su shige ɗaki. Na ce ashe su ma suna da dodo suka zo suka hana mu namu. Na mai da waɗannan biyun ƙarƙashin gado, don ni mai bi ne.

Rubutun bayan jakunkunan faya-fayan ƙanana ne kuma da Turanci mai tsawo, saboda haka sai na dinga duba hoton gaba ina haɗa labarin da kaina. Wannan, wani ne jirgin ruwa ya nitse da ɗansa. Wancan, yunwa ce aka yi a garinsu. In na faɗa sau uku sai ni ma in yarda. Daga nan na zama mai ba da shawara. Mai nama, mai gyaran rediyo, matar da ke sayar da kunu a bakin layinmu, ba wanda ban ce wa ya zo ya ji abin da zai wanke masa zuciya ba. Fastonmu ya zo sau ɗaya. Bayan minti goma ya tuna yana da taron dattawa.

Malam Bitrus kuwa ban gayyace shi ba. Tsohon hedimasta ne, ya yi shekaru yana buga ogan a majami'a kafin yatsunsa su ƙi, matarsa ta riga tawa rasuwa, 'yarsa tilo Rifkatu tana aure a Sabon Tasha. Wata Alhamis ce, ranar kasuwar aladu, manyan motoci na wucewa da ihunsu, na ƙara ƙarar garmaho don in danne su. Sai na ga mutum tsaye a taga da sanda. Ya yi sallama ya shigo. Ya ɗauki jakar faifan ya karanta gaba da baya. Ya dubi faifan yana juyawa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya miƙa yatsa wajen makunnin.

Na ce, "Malam, kada ka taɓa wannan."

Ya janye hannunsa. Ya dube ni, ya dubi ɗakin, ya dubi kwanon gwaten da ban ci ba. Sai ya ce, "Akwai kujera?"

Shekara huɗu, kowace Alhamis ƙarfe huɗu. In dafa shayin citta, shi ya zo da ƙosai ko gyaɗa a leda. In an ɗauke wuta mu zauna mu jira ta, wani lokaci ta zo, wani lokaci mu jira har ya tashi. Ba ma yawan magana, sai dai darasi, don na ɗauke shi ɗalibi. In ɗaga yatsa in ce, "Ka ji nan, Malam? Nan ne aka sauke gawar a rami." Ya ce, "To, to. Haka ne, Kuku?" In ce, "Haka ne. Saurari uwar yanzu." Ya rufe ido ya saurari uwar. Ni mai aji uku ina koyar da hedimasta! In na fita ranar Juma'a har tafiyata takan sauya.

Wanda muka fi so wani ne mai koriyar jaka. A hoton, wani babban ɗaki ne da fitilu a rataye, maza duk cikin baƙaƙen kaya, kowanne ya riƙe mace a ƙugu ta ɗan kwanta baya. Ba sai an gaya mini ba: gidan makoki ne, ana tallafe matan kada baƙin ciki ya kayar da su. Na gaya wa Malam Bitrus cewa mai kiɗan ya yi shi ne satin da matarsa ta rasu. Ya yi tari mai tsawo, ya ce citta ce ta sarƙe shi.

Ciwonsa bai yi sati biyu ba. Alhamis ta farko bayan rasuwarsa na dafa shayi, sai da na zuba kofi na biyu na tuna. Na kunna koren faifan, na kasa kai shi ƙarshe. Shekara biyar na yi ina jin kiɗan nan ni kaɗai kafin ya zo, ban ga laifinsa ba, amma yanzu da na saba da numfashin wani a gefe, sai ɗakin ya ƙara girma.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Na ce zan sa kiɗan nan a jana'izarsa don girmama shi. Hakan ma gaskiya ne. Amma rabin zuciyata lissafi take yi: za a tara tsofaffin malamai, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da gwauraye irina, majami'a cike. In suka ji abin da nake da shi a gida, ko mutum ɗaya ai zai biyo ni. Wato na shirya zuwa jana'izar abokina neman wanda zai gaje kujerarsa. Har benci na aro wurin maƙwabcina, ko da za su yi yawa.

A Fadan Kaje za a yi, garinsu. Na je wurin sakataren ikilisiya na roƙa a sa ni cikin masu ba da shaida, ya ce tsari ya cika, na zauna a ofishinsa ina ba shi labarin ƙafata har ya rubuta sunana. Rifkatu an dai gaya mata Baba Kuku zai yi magana, ba ta san da kiɗa ba. Sannan na nemi wanda aka ɗauka ya kawo lasifika da janareta, wani Danjuma, magidanci mai tumbi da kowa ke kira Injiniya. Na ce masa zan ɗauro garmahona a acaɓa.

Ya yi dariya har tumbin ya motsa. "Baba, wannan kaya ba zai shiga na'urata ba. Kawo jakar faifan kawai."

Na kawo. Ya ɗauki hotonta da waya, ya danna, ya danna, ya nemo faifan a intanet, ya juyo mini da fuskar wayar. Ga maza masu baƙaƙen kaya, ga matansu. "Shi ne? Wanne a ciki?"

"Gefe na biyu, na farko."

"In sa maka ka ji?"

Jama'a, a nan Ubangiji ya buɗe mini ƙofa, ni na rufe ta da hannuna. Na ce, "Ni za ka sa wa? Na san shi kamar sunana. Kada ka ɓata shi a bakin titi, wannan ba kiɗan mashaya ba ne."

Ranar, majami'a ta cika har an kafa rumfuna a waje, an ja lasifika har bakin hanya. Layin gaba tsofaffin malamai ne, kowa da tabarau da takardar tsarin sujada. A dama matan zumunta cikin ankonsu, da gangunansu da tulun da suke bugawa a cinya. Akwatin Malam Bitrus a tsakiya, Rifkatu a gefensa. Mutum shida suka yi magana kafin ni, duk da Turanci suka fara. Da aka kira ni, na hau da kwat ɗin da Baturiya ta ba ni (ta ƙi maɓalli tun tuni), da farin hankici a hannu.

Na ce, "Ku yabi Ubangiji."

Suka amsa.

Na ce, "'Yan'uwa, kun san Malam Bitrus hedimasta, kun san shi mai ogan. Amma akwai ajin da ya shiga da tsufansa wanda ba ku sani ba, kuma ni ne malamin ajin." Aka ɗan yi dariya, na ji daɗi, na ƙara matsowa kusa da makirfo. Na gaya musu akwai kiɗan da Turawa ke yi da goge da sarewa, ba waƙa a ciki, wanda sai mai zurfin tunani ke ganewa. Na ɗaga koriyar jakar na nuna musu gidan makokin. Na ba su labarin mai kiɗan da matarsa, har na ƙara masa 'ya'ya uku ƙanana da ban taɓa ba shi ba a da. Na ce, "Wannan ne marigayi ya fi so. Mata, ku shirya bakin zane. Maza, kada ku ji kunya, ni ma na yi. Wanda ya ji wannan idonsa bai kawo ruwa ba, ya je Rabaran ya yi masa addu'a. Wanda kuma ya taɓa masa zuciya, gidana na bayan tsohuwar tashar jirgi, Alhamis ƙarfe huɗu, akwai shayi, akwai wurin zama. Mu sunkuyar da kai."

Majami'a ta yi tsit. Ɗaruruwan kawuna suka sunkuya. Na ɗaga wa Injiniya yatsa, na rufe fuskata da hankici.

Abin da ya fito daga lasifikokin nan, kamar an buɗe akurki an saki kaji ɗari. Sarewa na tsalle, goge na gudu kamar masu bin motar da ta tashi, wasu farantai na ƙarfe na ta tas! tas! tas!, ganga ba ta ko numfashi. Na tsaya a sunkuye ina jira ya gama haukarsa ya nutsu. Bai nutsu ba, ƙaruwa ya yi. Na leƙa ta gefen hankici, na ga kawuna suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗar shugabar matan zumunta ta fara motsi ba da izininta ba. Mai tulu ta lalubo bugun, ta kama. Wata tsohuwa a rumfar waje, wadda ba ta ji jawabina ba, ta rangaɗa guɗa.

Na yi ihu a makirfo, "Kashe! Kashe! Ba shi ba ne! Injiniya, a gaban gawa za ka yi mini wasa?"

Ya kashe. Ya taso da wayarsa, kuma shi ma da makirfo a hannu, tunda duk nasa ne. "Baba, kar ka ɓata mini suna a gaban jama'a. Ga hoto, ga hoto. Gefe na biyu, na farko. Shekaranjiya na ce in sa maka, ka ce ka san shi kamar sunanka."

Mai hankali a nan zai sauka. Ni sai na ce, "To ku saurara, ga yadda yake." Na rufe ido, na buɗe baki, na rera musu shi yadda na san shi, da muryar tsoho, a lasifika har bakin hanya. "Muuu... muu... muuuu..." Wani jariri ya fashe da kuka, shi kaɗai ne ya bi umarnina a ranar.

A layin gaba akwai wani dogon tsoho, Malam Ishaku, da can mai duba makarantu ne. Na buɗe ido na gan shi ya karkata kai yana saurarona, yana buga yatsa a gwiwa, bugu biyu a kan kowane ɗaya nawa. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya gano kuskure a lissafin ɗalibi. Ya ɗaga hannu.

"Baba Kuku, garmahon naka, a kan lamba nawa yake?"

Na amsa da ƙarfi, da alfahari ma, "Sha shida. Ni ba na ɓarnar wuta."

Ban taɓa ganin dariya irin wannan ba, don ba ta da sauti. Layin gaba gaba ɗaya suka ɗaga takardun tsarin sujada suka rufe fuska, takardun na rawa. Malam Ishaku kuwa, malami ba ya ganin jahilci ya wuce shi. Ya miƙe, ya juya ga jama'a, ya yi bayani dalla-dalla: lambobin nan yawan juyin da faifai ke yi ne a minti ɗaya. Sha shida na faya-fayan karatu ne. Na kiɗa talatin da uku suke so. Wato Baba Kuku ya yi shekaru yana jin kiɗan da rabin gudunsa, shi ya sa ya yi kauri ya yi nauyi. Ya karɓi jakar daga hannuna ya ɗaga. "Wannan kuma kiɗan rawa ne. Mutanen nan ba makoki suke yi ba. Rawa suke yi, mace da namiji."

Wata mata daga baya ta ce, "Ashe riƙon ba na ta'aziyya ba ne!"

Nan sautin ya zo. Har masu ɗaukar akwati sai da suka dafa bango. Na dubi Rifkatu, ta cusa fuskarta a ɗankwali, kafaɗunta na girgiza, ban san ko kuka take yi ko dariya ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ga kamar na zo na zubar da miya a kan akwatin ubanta.

Rabaran ne ya cece ni, in ceto za a kira shi. Ya share ido ya ce marigayi ya cika shekarunsa, ya ga jikoki, ya tafi wurin Ubangijinsa, kuma a al'adarmu tsoho irin wannan da rawa ake raka shi. "Injiniya, mai da mana kiɗan Baba Kuku." Da shi aka fita da akwatin. Matan zumunta suka ɗora gangunansu a kai, suka yi ta juyi har bakin kabari. Sau uku aka maimaita shi. Mutane na cewa ba su taɓa ganin jana'iza mai daɗi haka ba. Ni ban tsaya cin abinci ba. Na bi ta bayan majami'a na tari acaɓa, kafin mu kai Zonkwa mai acaɓan ya amsa waya, ya saurara, ya waiwayo ya dube ni, ya rage gudu.

Alhamis ta zo. Na share ɗaki duk da haka, na shigo da bencin aro, na dafa shayi a babbar tukunya. Ƙarfe huɗu, huɗu da rabi, biyar. Motocin aladu suka gama wucewa. Ba wanda ya zo, ko don ya yi dariya.

Sai na tashi na yi abin da aka hana ni tun ina saurayi. Makunnin ya ƙi motsi, sai da na ɗiga masa man keke. Ya yi ƙas, ya hau 33. Na ɗora koren faifan. Ba zan yi ƙarya ba, yana da daɗi, har ƙafata mai ciwo ta so ta bi. Amma kafin shayina ya huce gefe guda ya ƙare. Na zauna ina tunanin duk hawayen da na zubar wa Asabe, ashe a gidan rawa nake zubar da su. Na jawo faya-fayan dodo daga ƙarƙashin gado na gwada. Mawaƙan majami'a ne, maza da mata, suna yabon Ubangiji da murya kamar ta mala'iku. Shekaru na ɓoye su don kada su ɓata mini bangaskiya.

Daga kunya sai fushi ya biyo baya. Mutumin da ya buga ogan shekaru, wanda ya karanta jakar gaba da baya, ya miƙa yatsa daidai wurin. Ya zauna shekara huɗu yana kallona ina sauke gawa a rami a tsakiyar kiɗan rawa, yana cewa to, to. Na yi kwanaki ina yi masa faɗa a raina, ga shi ba ya nan balle ya amsa.

Bayan sati biyu Rifkatu ta zo kwashe kayan gidan ubanta, ta biyo ta wurina da rana. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Baba, bari. Da na san kiɗa za ka sa da na hana ka, amma gara da ban sani ba. Tun da aka kira ni asibiti ban yi dariya ba sai ranar."

Na ce, "Gaya mini gaskiya, 'yata. Ya sani?"

"Tun ranar farko. Da yamman nan ya kira ni yana dariya har yana tari. Ya ce da wannan kiɗan aka koya musu rawar Turawa a kwalejin malamai, da shi ya fara taka ƙafar Mama."

"To me ya hana shi faɗa mini? Shekara huɗu ina koya wa hedimasta ƙarya!"

Ta murza bakin zanenta. "Na tambaye shi. Ya ce in ya gyara maka, kafin ƙarfe biyar faifai ya ƙare gaba da baya, sai ya ɗauki sandarsa ya koma gida. A sha shida kuwa sai rana ta faɗi." Ta share ido. "Ya ce kuma labaranka sun fi na bayan jakar daɗi."

Ni ina ganin alfarma nake yi wa mai ilimi, ashe shi ma gidansa ɗaki huɗu ne.

Ta ce tana so ta ji yadda yake ji. Na mai da makunnin inda yake, na ɗora mata. Ta zauna har gefe guda ya ƙare, sau biyu kawai ta duba agogo, kuma ban ga laifinta ba, motar Sabon Tasha ba ta jiran kowa. Ta tafi. Washegari na mayar wa maƙwabcina bencinsa.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare. In mutum ya ce maka "in sa maka ka ji?", ka ce masa sa. In kuma mai ilimi ya zauna kusa da kai ya yi shiru, kada ka ɗauka iliminka ne ya rufe masa baki.

Ban daina ba da shawara ba, sai dai na gyara ta. In wani ya tambaye ni wane kiɗan Turawa zai saurara (ba wanda ya tambaya tukuna), zan ce ya nemi mai koriyar jakar nan a wayarsa, zai ji daɗi, zai taka, minti kaɗan ya gama ya koma harkarsa. Wanda nake ji ni ba ya cikin waya. Sai an zo an zauna, kuma ba ya shiga kunnen kowa sai mutumin da ba mai jiransa a gida. Irinmu muna da yawa a garin nan, ina ganinsu a layin karɓar fansho da bencin baya na majami'a. Kunya ce ba ta bar su sun ƙwanƙwasa ba. Ni tawa na ƙarar da ita gaba ɗaya a Fadan Kaje.